Me ake nufi da "jami'ar bincike"? Amsa ga uban da 'yarsa ta kafe sai Samaru

Wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko mini da tambaya. 'Yarsa ta gama sakandare, tana son karanta aikin gona, kuma ta kafe sai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi kuwa hankalinsa ya fi kwanciya da jami'a mai zaman kanta, saboda tsoron yajin aikin malamai. Ya ce ya ga ana kiran ta Zariya "jami'ar bincike ta gwamnati", yana so ya san ko wannan suna yana da wani amfani ga yarinya mai neman digirin farko, ko kuwa kwalliya ce kawai.

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Ni malamin gona ne, a Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, na yi karatu, kuma mafi yawan shekarun aikina tsakanin gonakin gwaji da gonakin manoma na yi su. Saboda haka kada ka ɗauke ni alƙalin da ba shi da ɓangare. Amma zan gaya maka abin da na sani, da mai daɗin da marar daɗin.

Tun da hatsi ne sana'arka, ba sai mun je da nisa ba. In ka taɓa tsayawa ka karanta rubutun da ke jikin ledar iri a shagon kayan noma, za ka ga SAMMAZ a kan masara, SAMSORG a kan dawa, SAMPEA a kan wake, SAMNUT a kan gyaɗa, SAMCOT a kan auduga, kowanne da lambarsa. Wannan SAM ɗin na farko, Samaru ke nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar, wadda kowa ya fi sani da IAR, ita ta fitar da su. Ke nan wani kaso na masarar da ake aunawa a Dawanau ko Giwa ko Dandume, asalinta daga filayen da ke kusa da ajujuwan da 'yarka ke son shiga ta fito. Ka daɗe kana cinikin abin da jami'ar ta samar, sunan ne dai ba ka lura da shi ba.

Bambancin ke nan a taƙaice. Akwai makarantar da aikinta shi ne ta ɗauko ilimin da wasu suka samo ta miƙa wa ɗalibi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ita jami'ar bincike kaya biyu aka ɗora mata: ta koyar, ta kuma tono abin da ba a riga an sani ba. Malaminta ba ya hawa matsayi don yawan shiga aji kaɗai. Sai ya nuna abin da ya bincika, ya rubuta, wasu masana da ba su san shi ba sun duba sun ce ya yi, sannan a buga. Tana da masu digiri na biyu da na uku da yawa, domin su ne hannayen da ke yin aikin. Tana da gonaki da ɗakunan gwaje-gwaje da asibiti da rumbun tsofaffin takardu. Shi kuma "ta gwamnati" ma'anarsa Gwamnatin Tarayya ce ke da ita, ita ke biyan albashi, kuma daga nan ne arahar karatun ta fito, daga nan ne kuma yajin aikin da kake tsoro ya fito. Zan dawo kansa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, binciken ya girmi jami'ar kanta da shekara arba'in. Tun 1922 Turawa suka kafa tashar gwajin noma a Samaru, a 1928 suka buɗe gonar dabbobi a Shika, kusa da Samarun. A Kongo, cikin Zariya, akwai makarantar horar da akawuna wadda ta zama Cibiyar Koyon Mulki, inda ake horar da ma'aikatan En'e da alƙalai. Akwai kuma Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Samaru, da wata kwaleji a Kano wadda aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero. A lokacin nan duk ƙasar kwalejin jami'a ɗaya gare ta, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Gab da samun 'yancin kai aka kafa kwamiti ƙarƙashin wani Bature, Eric Ashby, rahotonsa ya fito a 1960 da shawarar a ƙara jami'o'i, har da ɗaya a Arewa. Majalisar Jihar Arewa ta yi doka a 1961, aka tattara waɗancan makarantu da tashoshi aka ɗaure su dami ɗaya, aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangaya huɗu da ɗalibai 426. 'Yan Arewa a cikinsu ba su kai rabi ba, domin masu takardar shiga jami'a a wancan zamani ƙidaya gare su. Sardauna Ahmadu Bello ne uban jami'a na farko, wani masanin kimiyya mutumin Niyu Zilan, Norman Alexander, ya fara riƙe shugabancinta, sannan Ishaya Audu, likitan yara ɗan ƙasar Zazzau, ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975. A shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta daga hannun jihohin Arewa. Kwalejin Kano ta ɓalle ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ta Bauchi ma, wadda ake kira Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta zauna ƙarƙashin Zariya daga 1984 zuwa 1988.

Yanzu bari in nuna maka abin da ake kira bincike da ido, don kalmar ta yi yawa a bakin mutane har ta rasa nauyi.

A 1950 aka yanka wasu ƙananan filaye a Samaru. Wannan a zuba masa takin shanu, wancan takin zamani, wani a haɗa masa biyun, wani a bar shi haka nan ba komai. Shekara ta zagayo, a sake yin haka a fili ɗaya, a auna amfanin, a ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji. Waɗanda suka fara aikin sun mutu, waɗanda suka gaje su sun yi ritaya, wasu suka ɗora. Daga irin wannan gwaji ne aka tabbatar da abin da tsofaffin manoma ke faɗa da baki, cewa takin zamani shi kaɗai, in aka daɗe ana zuba shi, yakan sa ƙasa ta yi tsami ta gaji, amma in an haɗa shi da na gargajiya gona takan riƙe ƙarfinta. Tsoho ya faɗa, gaskiya ne. Amma sai da aka auna kafin a san nawa ne, kuma cikin shekara nawa. Babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a gwajin da sai jikokinsa za su ga sakamakonsa. Hukuma ce kawai ke iya wannan haƙuri, shi ya sa nake cewa kalmar "ta gwamnati" ba aibi ba ce gaba ɗaya.

Ko ka ɗauki gyaɗa. In kana da shekaru, ka tuna dalar gyaɗa a Kano, ka kuma tuna yadda ta ɓace. Dalilan suna da yawa, akwai fari, akwai kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, amma a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta yi wa Arewa mummunar ɓarna. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne ke yaɗa ta, sai ka ga shuka ta ƙanƙance ta dunƙule, ba 'ya'ya. Manoma da yawa daga nan suka yi sallama da gyaɗa. Masu bincike a Samaru, tare da wata cibiyar ƙasa da ƙasa mai suna ICRISAT, suka shiga neman irin da cutar ba ta kayar da shi. Yadda ake yi kuwa, a samo irin da ke jure cutar ko da ba ya ba da amfani sosai, a yi masa barbara da mai yawan amfani, a shuka 'ya'yansu, a bi layi layi ana zaɓe ana zubarwa, damina bayan damina. Wanda ya tsira a kai shi garuruwa dabam-dabam a gani ko zai yi a ƙasar jigawa kamar yadda ya yi a ta laka. Daga nan a ba manoma su gwada a gonakinsu, su faɗi ra'ayinsu, domin iri yana iya cika buhu amma mata su ce ba ya ba da mai, ko harawarsa ba ta da kyau ga dabbobi. Sai ya wuce duk wannan kwamitin ƙasa zai amince a sa masa suna da lamba. Shekara takwas ko goma tana iya tafiya a kan iri ɗaya. SAMNUT 24 da manoma ke so don saurin nunarta, ta wannan hanya ta biyo. Haka aka yi ta fama da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, a masara da dawa da wake.

Na taɓa tsayawa da wani dattijo a gonarsa, an raba ta biyu, rabi irinsa na gado, rabi na gwaji. Bai ce komai ba. Ya tumɓuke tushe ɗaya a nan, ɗaya a can, ya kaɗe ƙasar, ya zauna a kan kunya yana ƙirga ƙwanso. Da ya gama sai ya ɓare ɗaya ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce a bar masa na baɗi. Ni a wurina nan ne ake yanke wa bincike hukunci, ba a ɗakin taro ba.

A ƙarshen 2019 IAR ta fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta ƙasa don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da ƙwanso. Masu aikin sun ce feshin da manomi kan yi sau shida zuwa takwas yana iya komawa biyu. A farkon 2024 kuma aka fitar da masara irin wannan, wadda ake kira TELA. Ka san ana ta muhawara a kan irin da aka taɓa ƙwayoyin halittarsa, wasu na maraba, wasu na ɗari-ɗari, kuma tambayoyin masu ɗari-ɗarin, musamman ta wa zai mallaki iri a gaba, ba na banza ba ne. Abin da nake so ka gani shi ne, in 'yarka ta je can, ba a Facebook za ta ji wannan gardama ba. Mutanen da suka yi aikin da hannunsu suna nan, za ta iya ɗaga hannu a aji ta tambaye su.

Gefen IAR akwai NAERLS, masu kai sakamakon bincike ga manomi ta rediyo da ƙasidu da horar da irinmu malaman gona, su ne kuma ke zagaya ƙasa kowace damina su rubuta rahoton yadda noma ya kasance. A Shika akwai NAPRI ta binciken dabbobi, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown da ke jure zafin ƙasarmu, tana kuma aiki a kan shanun Bunaji da tumakin 'Yankasa da jajayen awaki da ciyawar kiwo. A Shikan dai asibitin koyarwa na jami'ar yake.

Kada ka ce noma kawai na sani. Akwai abin da in na faɗa wa mutane sai su ɗauka wasa nake: tukunyar nukiliya guda ɗaya da Nijeriya ke da ita tana Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar. Ƙarama ce, ƙirar Sin, ƙarfinta wajen kilowat 30, ta fara aiki a 2004. Ba wutar lantarki take bayarwa ba. Ana saka ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a ciki, a gano sinadaran da ke jikinsa komai ƙanƙantarsu. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a iya yin makami da shi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. A Kaduna kuma jami'ar ce ke riƙe da Gidan Arewa, a harabar gidan da Sardauna ya zauna, wanda aka mayar cibiyar tarihi a 1970 ƙarƙashin Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta. Shi da almajiransa, irin su marigayi Yusufu Bala Usman, suka dage cewa tarihin ƙasar Hausa da Borno da Daular Usmaniyya daga rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami da bakin dattawa za a ɗauko shi, ba daga rahoton Razdan kaɗai ba. Wannan ma bincike ne, ko da ba ya shiga buhu. Tun kafin a buɗe jami'ar ma, a 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin Samaru, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta juya akalar zanen zamani a Nijeriya.

Sunayen nan na ƙarshe sun isa su nuna maka wani abu. Jami'ar a Arewa take, don Arewa aka gina ta, amma tun ranar farko ta kowa ce. 'Yarka za ta kwana ɗaki ɗaya da 'yar Binuwai da 'yar Ilori da 'yar Inugu. Masu lissafa manyan da suka fito daga can sukan fara da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da Namadi Sambo da Atiku Abubakar da Sanusi Lamiɗo Sanusi, jerin yana da tsawo. Ni ban cika ba wannan nauyi ba. Tsohuwar jami'a da ta daɗe ita kaɗai a yanki mai faɗi dole ta yaye manya. Ba ya gaya maka abin da yarinya za ta tarar bana.

To, ga marar daɗin.

Tsoronka na yajin aiki yana da tushe. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wajen wata tara ba a shiga aji ba, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ba rigimar Zariya ba ce ita kaɗai, rigima ce tsakanin ƙungiyar da Gwamnatin Tarayya a kan albashi da kuɗin gudanarwa da alƙawuran da aka sa wa hannu ba a cika ba, amma ɗalibi ne ke biya da shekarunsa. Karatun shekara biyar ya zama shida ko fiye. Ga 'ya mace, ka fi ni sanin abin da ake fara faɗa a gida in karatu ya ja. Babu wanda zai ba ka tabbacin ba za a sake ba. Tarihin wurin ma yana da ranakun baƙin ciki. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a lokacin zanga-zangar ɗalibai, aka rasa rayuka, abin ya girgiza jami'o'in ƙasar gaba ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Kusan duk abin da gwamnati ke bai wa jami'o'inta a albashi yake ƙarewa. Sababbin gine-gine da tallafin bincike da tura malamai ƙarin karatu, mafi yawansu daga asusun TETFund suke fitowa, wanda ake tarawa daga harajin kamfanoni. In ka shiga kowace jami'ar gwamnati za ka ga sunan a jikin bango. Amma gina ɗakin gwaji dabam, ciyar da shi dabam. Na'ura tana son wuta da sinadarai da mai gyara, kuma nan ne jami'o'inmu ke ɗingishi. Babban bincike sau da yawa da kuɗin ƙasashen waje ake yin sa, wanda ya biya kuwa yana da ta cewa a kan tambayar da za a bincika. Ƙwararru suna ficewa, wasu Turai, wasu Saudiyya, wasu ƙasashen Afirka da ke biya da kyau. Ajin shekarar farko, inda ake haɗa ɗaliban kimiyya duka, yakan cika ya batse, wanda ya makara daga bakin taga zai saurari lacca. Gadon kwana ba ya isa, ɗalibai da yawa haya suke kamawa a cikin Samaru. Kuma kada a ruɗe ka, ba kowane sashe ne ke bincike na ƙwarai ba. Akwai inda ake rubuta takarda don hawa matsayi kawai, ta kwanta a kanta ƙura ta rufe ta. Suna na jami'a ne gaba ɗaya, amma aiki na sashe ne, wani lokaci ma na mutum ɗaya ne da ɗalibansa.

Ita mai zaman kanta, abin da take sayar maka shi ne lokaci. An ce shekara huɗu, shekara huɗun ce. Ajin ba cunkoso, ɗakin kwana akwai. Ba na raina wannan. Da 'yarka lissafin kuɗi ko harkar kasuwanci take son karantawa, kuma aljihunka zai ɗauka, da ban ja da kai sosai ba, domin allo da malami nagari da littattafai sun kusa wadatarwa. Amma noma da likitancin dabbobi da injiniyanci da likitanci ba a koyon su a kan allo. In ka je wata mai zaman kanta, ka ce a nuna maka gonar. Ka tambayi hekta nawa ce, wa ke nome ta, ina garken, ina ɗakin gwajin ƙasa. Ka tambayi malamai nawa ne nasu na dindindin, domin da yawa daga cikinsu malaman jami'o'in gwamnati ne ke zuwa musu a ƙarshen mako, ka ga kuwa kana iya biyan kuɗi mai yawa don 'yarka ta samu ragowar lokacin malamin da ke Samaru. Ka kuma tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba.

Yanzu ga ainihin tambayarka, wato ko mai digirin farko tana cin moriyar binciken. Amsata ita ce, ba dole ba ne. Na san waɗanda suka yi shekara biyar a Samaru, daga ɗaki sai aji sai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim in jarrabawa ta matso, suka haddace takardun lacca, suka fita da sakamako mai kyau, amma ba su taɓa sanin abin da ake shukawa a filin da suke wucewa kullum ba. Irin wannan, da ma ko'ina ya je daidai ne. Jami'ar ba ta bin ɗalibi da cokali, yawansu ya wuce haka. Amma ƙofa a buɗe take. A Tsangayar Aikin Gona, masu binciken IAR da yawa su ne malaman aji. Karatun shekara biyar ne, a ciki akwai shekarar da ake fita gona, ɗalibi ya riƙe fartanya, ya yi huɗa, ya kula da kaji da shanu, ya koyi awon fili. A shekarar ƙarshe kowa yana yin ɗan bincikensa ƙarƙashin malami. Yarinya mai wayo ba ta jiran wannan shekara. Tun tana aji biyu za ta je ta gaida malamin da ke aikin da ya burge ta, ta ce tana so ta riƙa taimakawa wajen ƙirga tsiro ko auna tsayin kara ko rubuta lambobi. Ban taɓa ganin mai binciken da ya ƙi ƙarin hannu a lokacin girbi ba. Daga irin wannan ake samun mai rubuta wa mutum takardar shaida in zai nemi tallafin digiri na biyu, daga nan ake sanin kamfanonin iri da ƙungiyoyin da ke ɗaukar ma'aikata. Kuma mata masu wannan ilimi ana neman su ruwa a jallo, domin a garuruwanmu akwai gidajen da namiji malamin gona ba ya wuce zaure, alhali kiwon awaki da kaji da sarrafa gyaɗa da adana wake a cikin gida ake yin su.

Maganar shiga kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi da darussan kimiyyar da kwas ɗin ya nema, sannan ta zauna jarrabawar JAMB ta zaɓi jami'ar a matsayin ta farko, ta kuma bi tantancewar da jami'ar ke yi bayan nan. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari na gurabe a ba masu mafi yawan maki daga ko'ina, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Likitanci da lauya da haɗa magunguna ne ake turmutsutsu a kansu, noma bai kai su tsanani ba, wanda ni abin yana ba ni haushi da daɗi a lokaci ɗaya. In makin bai kai ba, akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, akwai kuma jarrabawar IJMB, wadda ita jami'ar ce ke gudanar da ita, mai cin ta yakan shiga aji biyu kai tsaye. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo mata gurbi, ka riƙe kuɗinka, domin gurbin da bai fito ta shafin JAMB ba, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane ba shi da rai. Kuɗin makaranta a jami'ar tarayya na rajista ne da hidimomi, sun tashi a 'yan shekarun nan, amma har yanzu ba su kama ƙafar na masu zaman kansu ba, kuma tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnati. In ta samu, ta nemi gado da wuri a ɗakunan mata, Amina ko Ribadu ko Alex, ya fi kwanciyar hankali a shekarar farko fiye da haya a gari.

Da ni ne kai, ba zan yanke hukunci daga shago ba. Zan ɗauki yarinyar da mahaifiyarta wajen watan Satumba, lokacin da masara ta yi goyo dawa ta fara fitar da kai, mu kama hanyar Zariya zuwa Funtuwa mu sauka Samaru da safe. Ku nemi izini a ofishin IAR, ku taka zuwa filayen gwaji. Za ka ga layuka da ƙananan alluna masu lambobi, kawunan dawa an rufe su da jakar takarda don kada iska ta kawo musu garin furen da ba a so, ma'aikata sun duƙa da littafi a hannu. Kai ka san hatsi, za ka gane mai kyau tun daga nesa. Ita kuma ka bar ta ta yi tambayoyinta, ka lura ko tana ƙyamar taɓo a takalminta.